Intanet na zuwa yana ɗaukewa a gida: abin da ke faruwa a cikin fayawol

Idan intanet ya mutu murus, abin da sauƙi: ko waya ta tsinke, ko kuɗin wata ya ƙare, ko babu wuta. Mai cin rai shi ne wanda ke aiki lafiya lau da safe, bayan la'asar ya ɗauke na minti biyu ya dawo da kansa, da dare kuma WhatsApp na tafiya amma shafin banki ya ƙi buɗewa. Mai gida ya yi ta zagin kamfanin layi, mai gyara ya zo ya tarar da komai garau, ya karɓi kuɗin babur ya koma.

A wasu gidaje na Garwa, Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, musamman inda akwai shago ko ofis a gaban gida, yanzu ba modem kaɗai ake ajiyewa ba. Ana sa wata na'ura tsakanin modem da sauran gidan: ko na'urar kamfanin MikroTik, ko ƙaramar kwamfuta mai manhajar pfSense ko OPNsense, ko tsohuwar rawuta da aka ɗora wa manhajar OpenWrt. Wannan shi ne fayawol. Shi ke tace abin da ke shiga da fita, shi ne kuma ke zaɓa wa kowane fakitin bayanai hanyar da zai bi. Masu hali kan haɗa masa layi biyu, fiba ta Camtel da SIM na MTN ko Orange, a Injamena kuwa Airtel da Moov, don in ɗaya ya faɗi ɗayan ya ɗauka.

Da matsala ta fara, abin da kowa ke fara zargi shi ne dokokin tacewa da aka rubuta wa fayawol. Galibi ba su ba ne. Doka ba ta sauya kanta. Wadda ta hana abu da ƙarfe tara za ta hana shi da ƙarfe goma, sai dai in an ɗaura ta da agogo da gangan. Matsala mai zuwa tana tafiya tana nufin akwai wani abu da ke motsi, kuma abubuwan da ke motsi a rezon gida ba su da yawa: adireshi (lambar da kowace na'ura ke riƙe da ita a rezo), jadawalin hanyoyi, rajistar haɗi, nauyin da ke kan layi, sai wuta da zafi. Kowannensu yana da lokacin da yake bugawa. Aikin mai bincike shi ne ya kama wannan lokacin.

Shi ya sa cire soket a mayar ya zama babban abokin gabar bincike. Yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana share shaida. A OpenWrt da MikroTik, rahoton abubuwan da suka faru yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi idan ba a sauya saiti ba, da an kashe na'ura ya tafi. Jadawalin hanyoyin da ya karkace ya miƙe, rajistar haɗi ta koma fanko. Wanda ke son gano tushen abu, dole ya daure ya bar intanet a mace na ɗan lokaci, duk da ƙorafin yara, ya duba cikin na'urar tana cikin halin.

Kafin a duba, ya kamata a san abin da za a gani. Fayawol yana da jadawali da ke cewa: adireshi mai farawa da kaza, ta wannan rami za a tura shi, duk abin da ba na cikin gida ba, a miƙa shi ga ƙofar fita, wato modem ko na'urar kamfanin layi. Wannan layi ɗaya na ƙofar fita shi ne ran komai. In ya ɓace daga jadawalin, wayoyi za su ci gaba da nuna alamar wifi cike, na'urar buga takarda za ta yi aiki, amma ba abin da zai fita daga gidan. Sannan adireshin cikin gida, irin su 192.168.1.20 ko 10.0.0.5, ba sa tafiya a intanet. An ware su ne tun 1996 don amfanin cikin gida, saboda haka fayawol yana cire su ya maye gurbinsu da nasa adireshin na waje kafin fakiti ya fita.

Don amsa ta dawo hannun mai ita, sai ya riƙa rubutawa. Kamar mai gadi ne a zauren babban gida da littafi a hannu: duk yaron da aka aika kasuwa sai ya rubuta sunansa da ƙofar da ya bi, idan ya dawo ya duba littafi ya buɗe masa. Wanda ya zo babu sunansa a littafi, ko ɗan gida ne, a waje zai tsaya. Wannan littafi shi ne rajistar haɗi. Da yawan abin da mutane ke kira lalacewar hanya, littafin ne aka share ko ya cika, ko kuma amsa ta dawo ta ƙofar da ba ita aka rubuta ba.

Awo na farko ba ya bukatar sayen komai. A ɗauki kwamfuta a haɗa ta da fayawol da waya, ba ta wifi ba, don kada rashin ƙarfin wifi ya shiga lissafi. A buɗe tagogi huɗu na rubuta umarni, kowace da umarnin ping mai ci gaba, wato tura ɗan saƙo zuwa wani adireshi a ga ko zai amsa da lokacin da amsar ta ɗauka, a Windows ana ƙara masa -t. Ta farko ta nufi adireshin fayawol na cikin gida. Ta biyu ta nufi modem. Ta uku ta nufi wani adireshi na waje da lamba, kamar 1.1.1.1 ko 9.9.9.9. Ta huɗu ta nufi wani shafi da sunansa. A ajiye takarda da biro a gefe, duk sanda abin ya buga a rubuta lokaci da tagar da ta tsaya. Idan ta farko ce ta yi shiru, matsalar ba ta ma kai ga hanya ba: waya ce, ko ramin na'ura, ko fayawol ɗin kansa ya suma. Idan ta farko na amsawa ta biyu ba ta yi, tsakanin fayawol da modem ne. Idan biyun farko lafiya ta uku ta mutu, ko ƙofar fita ta ɓace daga jadawali ko layin kamfani ne. Idan kuwa ukun na tafiya ta huɗu kaɗai ta ƙi, hanya lafiyarta ƙalau, mai fassara suna zuwa lamba ne, wato DNS, ke ciwo. Takardar nan ta fi kowace manhaja amfani, domin bayan 'yan kwanaki za ta nuna ko abin yana bin agogo ne, ko yana bin ɗaukewar wuta, ko dawowar mutane gida.

Inda na fi samun mai laifi a gidaje masu layi biyu shi ne tsarin da aka sa don ya yi maganin matsalar. Fayawol yana tura ɗan ping akai-akai zuwa wani adireshi don ya san ko layi na raye. A pfSense, idan ba a taɓa saiti ba, yana turawa duk rabin daƙiƙa, yana ɗaukar matsakaicin minti ɗaya, kuma yana yanke hukuncin cewa layi ya mutu idan jinkiri ya haura milisakan 500, wato rabin daƙiƙa, ko asarar fakiti ta wuce kashi 20 cikin ɗari. MikroTik kuwa yana gwadawa duk daƙiƙa goma, in aka rasa amsa sau biyu a jere ya cire hanyar. Waɗannan lambobi sun dace da fiba mai tsabta. Layin 4G a Garwa bayan sallar isha'i, lokacin da unguwa duka ta hau kan eriya ɗaya, wani abu ne daban.

Akwai wani gida a unguwar Yelwa da aka kira ni, mai shagon kayan gini a gaba. Alhajin ya ce mini: “Malam, da rana ba na jin komai. Amma da an yi magariba sai na'urar lissafin shago ta riƙa fitar da ni daga banki.” Na ce: “Ranka ya daɗe, waye ke dawowa gida da magariba?” Ya yi dariya ya ce kowa da kowa. Na zauna a kan buhun siminti da kwamfuta a cinya, tagogi huɗu a buɗe. Taga ta uku tana nuna milisakan 70, 80, 75. Sai 'yan makarantar Islamiyya suka shigo, matan gida suka dawo daga wani biki, wayoyinsu suka kama wifi. Cikin ƙasa da minti ɗaya lambobin suka haura 600, suka wuce 1000. Wayoyin ne ke loda hotuna da bidiyon biki zuwa ma'ajiyar intanet, ba tare da masu su sun taɓa komai ba. Layin aikawa ya cika, modem ya tara fakitoci a dogon layi na jira, ɗan ping ɗin fayawol ya tsaya a bayansu. Fayawol ya ga jinkiri ya wuce iyaka, ya ce layi na ɗaya ya mutu, ya karkata komai zuwa na biyu. Da ya karkata, nauyi ya sauka daga na ɗaya, jinkiri ya faɗo, ya ce ai ya farfaɗo, ya dawo da kowa. Haka ya yi ta kai da kawowa. A kowane juyi adireshin gidan na waje yana sauyawa, haɗin da aka buɗe ta tsohon layi ya mutu, banki kuma ya ga mutum ɗaya yana zuwa daga adireshi biyu, ya rufe ƙofa. Layukan biyu babu wanda ya yanke ko sau ɗaya.

Maganin wannan kashi biyu ne, kuma mutane kan yi na farko su bar na biyu. Na farko, a sassauta wa mai sa idon: a ɗaga iyakar jinkiri a kan layin salula, a tsawaita lokacin da zai jira kafin ya yanke hukunci, a kuma sa shi ya daɗe kafin ya koma layin da ya farfaɗo. Na biyu, wanda shi ne na asali, a hana layi cika. A auna gudun aikawa da dare, lokacin da ya fi rauni, a ƙayyade wa fayawol kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na wannan adadi, a kunna masa tsarin raba layi irin su CAKE ko fq_codel. Ta haka jerin jira zai dawo hannun fayawol, wanda ya san ya bar ƙananan fakitoci su wuce, maimakon hannun modem da ke tarawa kawai. Mai gida zai ga kamar an rage masa gudu. A takarda an rage, amma kiran bidiyo zai daina katsewa.

Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wadda ta fi yawa a inda aka haɗa komai aka bar shi yadda ya zo. Fayawol kan sa ido ne a kan ƙofar fitarsa, ƙofar kuwa ita ce modem ɗin da ke kan kabad, mai adireshi irin 192.168.8.1 da na'urorin Huawei ke zuwa da shi. Modem zai amsa ping ko da SIM ɗin cikinsa ba shi da rezo, ko kuɗinsa ya ƙare. Sai fayawol ya yi ta tura fakitoci cikin layin da ya mutu yana ganin lafiya, layi na biyu na zaune ba aiki. Dole adireshin sa ido ya zama na nesa, kuma kowane layi da nasa daban. Sai dai a nan ma da tarko: pfSense yana ɗaure adireshin sa ido da layinsa, ba zai taɓa bin ɗayan ba. Wanda ya sa 8.8.8.8 a matsayin abin sa ido na layi na ɗaya, kuma shi kaɗai ne DNS ɗin gidan, ranar da layin ya faɗi zai ga hanya ta koma na biyu daidai, amma babu shafin da ke buɗewa.

Idan takardar lokaci ta nuna abin yana bugawa a tazara madaidaiciya, duk awa biyu, ko duk awa goma sha biyu, sai a koma ga adireshi. Adireshin da DHCP, wato tsarin da ke ba na'urori adireshi kai tsaye, ke rabawa aro ne mai wa'adi. Na'ura na neman sabuntawa idan wa'adi ya kai rabi, in ba ta samu ba ta sake gwadawa can kusa da ƙarshe, in ya cika ta saki adireshin tare da ƙofar fitarsa. Wata doka mai tsauri da aka rubuta a ɓangaren waje tana iya toshe saƙon sabuntawa, sai fayawol ya riƙa rasa adireshinsa duk cikar wa'adi ya sake nema daga farko. Wayar da ke nuna adireshi mai farawa da 169.254 kuwa tana cewa ne ta nemi aro ba wanda ya ba ta.

Mafi yawa dai rikicin adireshi daga hannun mutanen gida yake fitowa. Yaro ya samo tsohuwar rawuta a kasuwa don wifi ya kai ɗakinsa na baya, ya soka waya a ramin da ya ga dama. Rawutar tana zuwa da 192.168.1.1, adireshin da pfSense da OpenWrt su ma ke zuwa da shi, kuma tana raba nata adireshin. Yanzu gida yana da na'urori biyu masu cewa su ne ƙofa. Wayar da ta nemi adireshi, wanda ya riga amsawa shi za ta bi, shi ya sa ta Hajiya ke aiki ta Alhaji ba ta yi, gobe kuma a juya. Umarnin arp -a yana tona wannan: a duba lambar jikin na'urar da ke riƙe da adireshin ƙofa lokacin lafiya, a sake dubawa lokacin ciwo, in ta sauya an kama shi. Irin wannan ne kuma modem biyu na kamfani ɗaya a layi biyu, dukkansu da 192.168.8.1. Sai an sauya wa ɗaya adireshi kafin jadawalin ya iya bambanta su.

Batun wuta ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ke zaune a arewacin Kamaru. Yankin ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani rabon wuta kan tsananta. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tseren da ake yi idan wuta ta dawo ko aka tayar da janareta. Fayawol na iya gama tashi kafin modem ya kama rezo, ya nemi adireshi bai samu ba, ya zauna babu ƙofar fita. Wasu ƙananan na'urori kuma ba su da batirin agogo, suna farkawa da kwanan watan 1970 ko wani tsohon lokaci, kuma har sai sun saita agogo ta intanet, duk abin da ke bukatar takardar shaidar tsaro zai iya ƙi. A watannin Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke wuce digiri 40, ƙaramar cajar volt 12 da ta tsufa takan gaza riƙe ƙarfi idan aiki ya yi yawa, na'ura ta mutu ta tashi ba wanda ya gani. Kowane fayawol yana nuna tsawon lokacin da ya yi a kunne. In ya ce minti goma sha huɗu alhali ba wanda ya taɓa shi tun jiya, a bar jadawalin hanyoyi, a sauya caja, a busa ƙurar hunturu daga cikinsa, a sauke shi daga saman firiji, a kuma haɗa shi da modem a kan batiri ɗaya.

Sai wata mai ruɗarwa: ping na tafiya, saƙon rubutu na tafiya, amma wasu shafuka suna fara buɗewa su tsaya cak, hoto mai nauyi ya ƙi fita. Wannan girman fakiti ne. Wayar rezo ta gida tana ɗaukar bayit 1500 a fakiti ɗaya. Layin da ke bi ta PPPoE, wata hanyar haɗa gida da kamfanin layi, yana cin takwas, saura 1492. WireGuard, wata manhajar VPN, kan tsaya a 1420, layin salula ma sau da yawa bai kai 1500 ba. A ƙa'ida, na'urar da fakiti ya yi wa girma tana mayar da wani saƙon sanarwa, wanda ake kira ICMP, cewa a rage. Amma akwai masu toshe ICMP gaba ɗaya da sunan tsaro, al'adar da ban taɓa ganin amfaninta a gida ba, sai saƙon ya ɓace, mai aikawa ya yi ta tura abin da ba zai wuce ba. A Windows, ping -f -l 1472 zuwa wani adireshi na waje yana gwada cikakken 1500, domin kan fakitin yana cin 28. In ya ƙi, a yi ta ragewa har ya wuce, a ƙara 28, an sami girman layin. Daga nan a kunna daidaita MSS, saitin da ke rage girman fakiti ya dace da layin, a ɓangaren waje. Dalilin da ya sa wannan ke zuwa yana tafiya shi ne sau da yawa layi ɗaya ne cikin biyun ke da ƙaramin girma, ciwon ba ya bayyana sai an karkata kansa.

Bayan duk wannan, akwai ranakun da laifin ba na gida ba ne. Intanet ɗin arewacin Kamaru yana tahowa ne daga bakin teku, inda wayoyin ƙarƙashin ruwa ke sauka a Duwala, Limbe da Kiribi, ya biyo fiba ta ɗaruruwan kilomitoci, kuma Cadi da ba ta da teku babban kason nata ta nan yake wucewa. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyi huɗu, WACS, SAT-3, ACE da MainOne, sun lalace a gaɓar yammacin Afirka, ƙasashe da dama har da Kamaru suka shiga matsala, kuma babu saitin fayawol da zai gyara irin wannan. Layi biyu daga kamfanoni biyu ma ba lallai ne su zama hanya biyu ba, suna iya haɗuwa a kan fiba ɗaya a can gaba su faɗi tare.

Abin da ke raba gardama shi ne tracert a Windows, ko mtr a Linux, wanda ke jera na'urorin da fakiti ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki hotonsa lokacin lafiya, a ɗauka lokacin ciwo. Kada a firgita da na'ura guda a tsakiya da ta nuna asara alhali na bayanta suna amsawa daidai, irin waɗannan ba sa ba ping muhimmanci ne kawai. Asarar gaske ita ce wadda ta fara daga wani mataki ta ci gaba har ƙarshe. Idan ta fara bayan modem, a matakan da ke hannun kamfani, waɗanda a layin salula kan nuna adireshi masu farawa da 10 ko daga 100.64 zuwa 100.127, to aikin mai gida ya ƙare a nan. Sai ya ɗauki hotunan biyu da takardar lokutan ya kai ofishin kamfanin, ya nemi a haɗa shi da ɓangaren injiniyoyi, ya nuna musu matakin da asarar ta fara da sa'o'in da take faruwa.